Bokitin Korona da Aljihun Hedimasta

A ofishin hedimastan wata firamare da ke tsakanin Wurno da Goronyo a Jihar Sakkwato akwai wani bokitin roba mai famfo a gindi, irin wanda aka yi yayinsa a shekarar 2020. Famfon ya daɗe da karyewa. Yanzu rajistoci ake ajiyewa a ciki, don gara ba ta cin roba, ɗigar rufi kuma ba ta ratsa murfinsa. Hedimastan abokin yayana ne, tare suka yi kwalejin horon malamai, saboda haka ba na ratsa garin ban tsaya na gaishe shi ba. Ran da na lura da bokitin sai na tsokane shi, na ce ashe dai gwamnati ta bar wa Malam abin tunawa da korona. Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Ƙanena, wace gwamnati? Wanga bokiti da albashina na saye shi. Takarda suka aiko muna, wai kowane yaro shi wanke hannu kafin shi shiga aji. Takardar ba ta zo da sabulu ba."

Mun saba faɗin cewa korona ta karya tattalin makarantun gwamnati. A birni wataƙila haka ne. A firamaren ƙauye kuwa ban ga abin da ta karya ba, don ba ta tarar da abin karyawa ba. Makarantar ba ta da asusu, ba ta da kasafi, ba ta da ko kwabo da za ta ce nata ne, ta kashe shi ba tare da neman izinin wani na sama ba. Albashin malamai daga sama yake zuwa. Gini, in an yi sa'a, ɗan kwangila ne ke kawo shi, ya shafa fenti, a ɗauki hoto, ya tafi. Amma abin da makaranta ke ci kullum, wato alli da rajista da tsintsiya da kwaɗon ƙofa da ƙusar da za a danne kwanon da iska ta ɗaga, wannan ba shi da uban da aka sani. Ya dogara ne a kan abu biyu, ɗan karo-karon iyaye da aljihun hedimasta. Annobar ta zo ta busar da su lokaci guda, sannan aka ce ga sabon aiki.

A tuna yadda abin ya faro. Ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai cutar a Legas. Cikin Maris gwamnonin Arewa maso Yamma suka zauna a Kaduna, suka yanke shawarar rufe makarantu na kwana 30 daga Litinin 23 ga wata. Kwana talatin ɗin nan suka yi ta haihuwa har aka share wata shida da ɗoriya. Sai 4 ga Agusta aka yarda 'yan ajin ƙarshe na sakandare su koma saboda jarrabawar WAEC da aka fara ranar 17 ga watan, sauran yara kuwa sai wajen Oktoba aka fara buɗe musu ƙofa.

Yayin da kwaɗo ke ƙofar aji, can sama tukunyar na ƙafewa. An gina kasafin tarayya na 2020 ne a kan gangar mai dala 57. Cikin Afrilu farashi ya faɗi ƙasa da dala 20, dole aka sake rubuta kasafin a kan dala 28. Mai karatu na iya cewa ina ruwan yaron Rabah da farashin mai a kasuwar Landan. Ruwansa kuwa da tsaki. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa hukumar UBEC kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Kaso ne, ba ƙayyadadden adadi ba, don haka in tukunya ta ragu ludayi ma sai ya ragu. A daftarin gyaran kasafin da aka gabatar a lokacin, an sauko da rabon hukumar daga kimanin naira biliyan 111 zuwa wajen biliyan 51. Kuma ko wannan ɗin jiha ba ta taɓa shi sai ta ajiye nata kuɗin daidai da wanda za ta karɓa. A shekarar da kowace jiha ke fafutukar haɗa albashi, wa zai fara da ajiye kuɗin gina aji?

Albashin malaman firamare kuma daga rabon ƙananan hukumomi ake cire shi, tun yana asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, ya bi ta hukumar ilimin firamare ta jiha kafin ya isa hannun malami. Ƙaramar hukuma irin Goronyo ko Wurno ko Rabah ba ta da wani kuɗin shiga na kirki ban da abin da aka aiko daga Abuja. In an cire albashi, abin da ya saura wa ofishin sakataren ilimi bai taka kara ya karya ba ko a shekarar yalwa. A shekarar ƙunci shi ake fara yankewa, don alli ba ya yajin aiki, tsintsiya ba ta da ƙungiya.

Wannan shi ne ɓangaren da masana ke rubutu a kai. Ɗaya ɓangaren, wanda ya fi damuna, a kasuwa yake.

Duk wanda ya san gabashin Sakkwato ya san cewa kuɗin mutanen yankin a fadama yake da kuma ci-rani. Albasa da tafarnuwa da shinkafa da ake nomawa a bakin kogin Rima su ne ke cika kasuwar Goronyo ran Lahadi, daga nan a yi lodinsu zuwa Kudu. In albasa ta yi kuɗi, uba zai ɗinka wa ɗiyarsa kayan makaranta, kuma in shugaban ƙungiyar iyaye da malamai ya zagayo neman gudummawar gyaran rufi ba zai fita hannu rabbana ba. To, a 2020 aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi daga ƙarshen Afrilu har zuwa 1 ga Yuli. A takarda an ce ban da motocin abinci. A kan hanya kuwa, direbobi sun san adadin shingayen da suka tsiro da abin da kowane shinge ya ci, kuma albasa ba kaya ba ce mai haƙurin jira. Iyakar Illela tana rufe tun Agustan 2019, ba a buɗe ta ba sai tsakiyar Disamban 2020. Samarin da ke tura baro da sayar da ruwa da yankan farce a Legas da Abuja sun shiga kulle tun 30 ga Maris, wanda ya saba aikowa gida ya koma neman wanda zai aiko masa. Damina ta zo, ambaliya ta cinye gonakin fadama a Kabi da Sakkwato. A watan Mayun wannan shekarar ne kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton da ya sa Sakkwato a kan gaba wajen talauci, da kashi 87.73 cikin 100, kuma alƙaluman na kafin annoba ne.

Waɗannan su ne iyayen da aka koma wa a Oktoba aka ce kowane yaro ya zo da takunkumi.

Na karanta ƙa'idojin sake buɗe makarantu da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar a Yulin 2020. Ba zan ce waɗanda suka rubuta su ba su san aikinsu ba. Sun rubuta abin da likita zai so ne: tazarar mita biyu tsakanin yara, wurin wanke hannu da ruwa mai gudana da sabulu, na'urar auna zafin jiki a bakin ƙofa, feshin magani, raba yara kashi-kashi wasu da safe wasu da rana. Sai dai a zauna a yi lissafi. Aji mai mita bakwai da takwas, in za a bar mita biyu tsakanin kowane yaro da ɗan'uwansa, ba zai ɗauki fiye da ashirin ba. Wanda ya taɓa leƙa aji ɗaya a firamaren cikin gari ya san ana samun tamanin, ana samun ɗari, a zaune a ƙasa gwiwa na gugar gwiwa. Raba su yana nufin malami guda ya koyar sau huɗu ko biyar a yini, ko kuwa a ɗauki ƙarin malamai huɗu. Ba a ɗauki ko ɗaya ba. Abin da ya faru ma kishiyar haka ne, domin a Yuni da Yulin shekarar aka sallami rukuni biyu na farko na matasan N-Power, mutum wajen 500,000 a faɗin ƙasa, kuma kaso mai yawa daga cikinsu a aji suke. A makarantun karkara da dama su ne ke riƙe da lissafi da Turanci. Yara suka dawo suka tarar malamansu sun ragu.

Batun ruwa kuwa har kunya yake ba ni. Madatsar ruwan Goronyo, wadda aka kammala a 1984, an gina ta ne ta riƙe ruwa mita kubik miliyan 942. Daga nan ake sako ruwan da birnin Sakkwato ke sha. Amma za ka sami makarantar da yaro zai hango madatsar in ya hau tudu, ba ta da rijiya, ba ta da burtsatse, ba ta da bayan-gida. Ruwan bokitin hedimasta, yara ne ke ɗebo shi a ka daga cikin gari. Da a ce tsoron korona ya sa an haƙa wa kowace makaranta rijiya, da an ci ribar tsoron. Domin a shekarar da ta biyo baya, 2021, amai da gudawa ta kashe fiye da mutum 3,000 a Nijeriya, adadin da ya zarce duk wanda hukuma ta lissafa korona ta kashe a ƙasar tun farkonta, kuma Sakkwato na cikin jihohin da ta taɓa. Wannan ita ce annobarmu ta gida, ita da sanƙarau, kuma maganin farkonta shi ne ruwa mai tsabta da sabulun nan dai da takarda ba ta zo da shi ba. Ko a 2014 lokacin Ebola an ɗage komawa makaranta zuwa 22 ga Satumba, an yi ta hayaniyar na'urar auna zafi. Hayaniya ta lafa, batir ya mutu, aka jefa na'urar a durowa.

Ba zan ce gwamnatoci sun naɗe hannu ba. An yi darussa ta rediyo da talabijin, kuma a yankin da rediyo ke rataye a kafaɗar manomi wannan dabara ce mai kyau. Amma rediyon na maigida ne, yana tare da shi a gona ko a majalisa. Darasin rediyo kuma yana amfanar yaron da ya riga ya iya haɗa baƙi ne, wanda ke da wani babba kusa da zai ce masa buɗe shafi kaza. Yaron aji biyu da bai gama gane "ba, bi, bu" ba, murya kawai yake ji. Shi kuwa karatu ta intanet da aka yi ta yayatawa, a bar shi ga masu wutar lantarki. Sai shirin ciyar da 'yan makaranta, wanda aka ce za a ci gaba da shi ta hanyar kai abinci gida-gida. Ministar jinƙai ta lokacin, Sadiya Umar Farouq, ta bayyana cewa an kashe sama da naira miliyan 500 a kansa, a Abuja da Legas da Ogun. Yaron Goronyo, wanda sau da yawa wannan kwanon abincin ne ke kawo shi makaranta, a rediyon babansa ya ji labari.

Ana kukan targaɗe kuma sai ga karaya. A wurare da yawa na duniya, da annoba ta lafa makaranta ta koma yadda take. A gabashin Sakkwato kulle biyu aka yi, ɗaya a kan ɗaya. Ranar 27 ga Mayun 2020, makarantu na rufe, 'yan bindiga suka kashe mutum fiye da 60 a ƙauyukan Sabon Birni. An buɗe makarantu ke nan da wata biyu aka sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara ta Jihar Katsina, ranar 11 ga Disamba. Cikin 'yan kwanaki gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta rufe makarantun kwana guda 16 na yankunan da ke bakin iyaka, ciki har da kwalejin 'yan mata ta Gamji da ke Rabah da sakandaren Gandi da ta Goronyo. Ba na ganin laifin wannan mataki, kowane uba haka zai so. Amma shi ma da kuɗinsa. Kwashe ɗalibai a kai su wani wuri yana cin kuɗi, ginin da aka bari ba kowa yana lalacewa, kuma uban da ya yarda ɗiyarsa ta kwana a Rabah ba lallai ya yarda ta tafi Sakkwato ba. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar. Ranar Lahadi 17 ga Oktoba aka far wa kasuwar Goronyo, gwamna ya tabbatar da mutuwar mutum 43. Kasuwar nan da na ce ita ce asusun makaranta na gaskiya.

Akwai kuma abin da ba a son faɗa. In an kori mutane daga ƙauyensu, makaranta suke nufa, don ita kaɗai ce ginin gwamnati mai rufi a kusa. Haka aka gani a Gandi tun bayan harin da 'yan bindiga suka kai ƙauyen Tabanni a 2018. Matar da ta gudo da goyo, ba ta da itace, ga karyayyen benci a gefe, wa zai iya ce mata kada ta hura wuta? Ni dai ba zan iya ba. Amma bayan sun tashi babu wani layi a kasafin kowa da aka rubuta "mayar da bencin da aka dafa tuwo da shi". Hedimasta ne zai zo da safe ya tsaya ya riƙe ƙugu.

To mene ne magani? Abin mamaki shi ne an riga an gwada shi a nan Sakkwato, kuma an ga yana aiki. Daga 2015 an yi wani shiri mai suna NIPEP, na dala miliyan 100 daga asusun haɗin gwiwar ilimi na duniya, a jihohin Jigawa da Kaduna da Kano da Katsina da Sakkwato. Cikin abubuwan da ya yi har da tura kuɗi kai tsaye zuwa asusun kwamitocin gudanar da makarantu, waɗanda ake kira SBMC, su da kansu su yanke abin da za su gyara. Shirin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyinsa, ya yi aiki a Goronyo da Wurno, har ya riƙa ba iyaye mata naira 5,000 lokaci-lokaci don yarinya ta zauna a aji. Duk wanda ya zagaya makarantun da suka ci moriyar irin waɗannan shirye-shirye ya ga bambanci. Kafintan gari ne ya gyara taga, a farashin gari, kuma in ya yi ha'inci zai haɗu da shugaban kwamiti a masallaci da asuba. Matsalar ita ce kuɗin baƙo ne. Wa'adin shiri na cika asusu ya koma kango. Baƙon ma da annoba ta taɓa gidansa sai ya ja hannu: a Nuwamban 2020 Birtaniya ta sanar da rage tallafin da take ba ƙasashen waje daga kashi 0.7 zuwa 0.5 cikin 100 na kuɗin shigarta. Hukumar USAID ta Amurka, wadda ta ɗauki nauyin littattafan "Mu Karanta!" a Sakkwato da Bauchi, a 2025 aka rushe ta ɗungurungum. Wanda ya dogara da tuwon maƙwabta, ran da suka yi baƙi da yunwa zai kwana.

Abin da nake kira a yi ba gini ba ne, kuma ba ya buƙatar bikin yanke ƙyalle, wataƙila shi ya sa ba shi da farin jini. Jiha ta yanke wani adadi ƙayyadadde a kan kowane yaro, kowane zangon karatu, ta tura shi asusun makaranta tare da albashi, a rana ɗaya, da doka a bayansa, yadda kwamishinan kuɗi ba zai iya cewa a jira wata mai zuwa ba. Hedimasta da shugaban kwamiti da wakiliyar iyaye mata su sa hannu kafin a fitar da kwabo. Kuɗin ya riƙa zuwa ko makaranta na rufe, domin a watannin kullen nan ne aka ɓalle ƙofofi, awaki suka tare a azuzuwa, damina ta sami rufi ba mai kula da shi. Da akwai ɗan abin biyan maigadi da sayen ƙusa, da an tsira da dukiyar da ta ninka shi sau da yawa. Kenya ta fara irin wannan a 2003 da shilin 1,020 kan kowane yaro a shekara, Ghana ta bi a 2005. Ba ƙasashen Turai ba ne, kuma ba su fi mu man fetur ba.

Na san abin da za a ce, don an faɗa mini a fuska: hedimastoci za su cinye. Wasu za su ci, ba musu. Za a kuma cika rajista da sunayen yaran da ba a haifa ba don kaso ya ƙaru. Amma a duba inda kuɗi ya fi ɓacewa. A Yuganda an bi sawun irin wannan kuɗi tsakanin 1991 da 1995, aka tarar kashi 13 cikin 100 kacal ke isa makarantu, sauran yana narkewa a ofisoshin da ke tsakani. Gwamnatinsu ta fara buga adadin da ta tura wa kowace gunduma a jaridu, ta sa a manna shi a allon sanarwar makaranta. Zuwa 2001 abin da ke isa ya kai wajen kashi 80. Ɓarawon ba a aji yake ba, a kan hanya yake. Mu kuma muna da abin da ya fi jarida ƙarfi. A rubuta adadin da gawayi a bangon makaranta, mai shela ya zagaya da shi, liman ya faɗe shi bayan sallar Juma'a. Hedimastan da garin duka ya san an turo masa kaza ran kaza, shi da barci sai ya nuna rasit. Batun sunayen bogi kuwa, hakimi da mai unguwa sun san gidan da ke da ɗa da wanda ba shi da shi. A ƙidaya yaran da ke zaune a aji, ba waɗanda ke kwance a takarda ba.

Wani abin da ke ba ni takaici shi ne yankin nan ba baƙon wannan tunani ba ne. Ahmadu Bello malamin makaranta ne a Midil ta Sakkwato kafin a naɗa shi Sarkin Rabah a 1934. A zamanin En'e, da haraji da jangalin da aka tara a ƙasa ake riƙe makarantun elementare, kuma hakimi ya san in rufin makarantar garinsa ya yaye shi za a tambaya. Ba kewar haraji nake yi ba, kakanninmu sun sha wuyarsa, makarantun kuma 'yan kaɗan ne, yawanci na 'ya'yan masu sarauta. Abin da kawai nake nunawa shi ne a lokacin akwai wanda za a nuna da yatsa. Yanzu tarayya ta ce firamare ta jiha ce, jiha ta ce ta ƙaramar hukuma ce, ƙaramar hukuma ta ce kuɗinta na hannun jiha. Jaki mai iyayengiji uku, kowa na zaton ɗan'uwansa ya ba shi dusa.

A ƙarshen 2015 Sakkwato ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, ta ware masa kaso mai tsoka a kasafin shekarar da ta biyo, aka kafa kwamitin tuntuɓa ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar. An yi gine-gine, wannan ba a ƙaryata shi. Amma kusan shekara biyar bayan haka, da aka ce a wanke hannu, sai da hedimasta ya taɓa albashinsa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa girman kasafi daban, abin da ya sauka a tebur ɗin makaranta daban.

Yau kuwa uzurin 2020 ya kau. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 rabon da jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓa daga Abuja ya ƙaru ƙwarai, ko da yake darajar naira ta zube, kuma iyayen yaran ne ke biyan wannan ƙari a gidan mai da kasuwa. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. In har hukuncin ya tabbata a aikace, shugabannin Goronyo da Wurno da Rabah ba su da sauran wanda za su laɓe a bayansa. Ko gwamnatin Ahmed Aliyu ba ta yi doka ba, kowane ɗayansu na iya farawa da makarantun ƙasarsa, ya ce ga abin da kowace za ta samu a zango, ya manna takardar a ƙofar sakatariya. Kuɗin bai kai na motocin rakiya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wata annobar, ko ambaliya, ko gudun hijira, ba sai an yi duba ba kafin a san tana tafe.

Kafin in bar ofishin ran nan, Malam ya buɗe bokitin ya zaro rajistar aji biyar ta shekarar kullen. Shafin Maris cike yake da alamar halarta. Ya juya zuwa inda aka ci gaba bayan an dawo, ya riƙa bin sunaye da yatsa, yana tsayawa a layukan da ba komai a gabansu.

"Wagga an yi mata aure da kaka. Wanga yana Ikko wajen yayanshi. Waɗanga biyu, garinsu ya tashi, an ce suna Sakkwato. Wagga talla take yi, nakan gan ta ran kasuwa, in ta hango ni sai ta canza hanya."

Na tambaye shi ko ya je gidajensu. Ya ce ya je wasu, waɗanda ƙafa ke iya kaiwa. Sauran sai da babur, kuma a watan ya riga ya kashe kuɗin mai a kan sabulu.